Yadda Ake Noman Lalle, Daga Jiƙa Iri Har Zuwa Garin Ƙunshi

Kafin ka sa fartanya a ƙasa, ka san abin da kake nema a jikin lalle: ganye, ko fure, ko shinge. Tsiron ɗaya ne, amma renonsa ya bambanta. Mai neman ganye sare shi yake yi har kusa da ƙasa, sau ɗaya ko fiye a shekara, kuma da wuya ya ga fure. Mai son ƙamshin fure a tsakar gida barinsa yake yi ya miƙe, sai dai ganyen da zai tsinka ba zai kai na wancan yawa ba. Mai shinge yana tsakiya. Yawancin waɗanda suke cewa lallensu bai yi musu abin kirki ba, in ka bincika, sun yi masa renon fure ne alhali ganye suke jira, ko kuma sun cika shi da ruwa don tausayi.

Kamanninsa

Lalle ƙaramin itace ne mai yawan rassa tun daga gindi. In an bar shi yakan kai mita 2 zuwa 6. Masana tsirrai suna kiransa Lawsonia inermis, sunan da Linnaeus ya raɗa masa don karrama wani abokinsa likita ɗan Sikotilan mai suna Isaac Lawson. Kalmar ta biyu tana nufin marar ƙaya, kuma duk wanda ya taɓa cusa hannu cikin tsohon shingen lalle zai yi wa wannan suna dariya. Sabon reshe kam ba shi da ƙaya, yana da kusurwa huɗu in ka murza shi tsakanin yatsu, amma da zarar itacen ya manyanta, ƙananan rassansa sukan bushe a baki su yi tsini kamar allura.

Ganyen yana fitowa biyu-biyu, suna fuskantar juna a kan reshe, tsawonsa santimita 2 zuwa 4 ko 5, mai sulɓi, mai tsini a baki. Furen ƙanana ne ƙwarai, farare ko masu ɗan ja, a cure a kan reshe, ƙamshinsu ya fi tashi da yamma. 'Ya'yan kamar ƙwayar masoro ko ɗan fi, kore ne da farko, sai su koma ruwan ƙasa, kuma cikin kowane ɗaya akwai ƙananan iri masu kusurwa da sukan haura talatin.

Ba ya zubar da ganye muddin saiwarsa tana samun ɗan laima, shi ya sa za ka gan shi kore shar a bakin rijiya a watan Maris, lokacin da komai ya yi fari. A jigawar da ba ruwa kuwa, ko in sanyin hunturu ya tsananta, yakan kaɗe ganye ya tsaya kamar ya mutu. Kada a tumɓuke shi. Kankare ɓawon reshe da farce. In ka ga kore a ciki, jiran ruwa yake.

Abin da ke rina fata wani sinadari ne a cikin ganyen da ake kira lawson, wanda bai fi kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na busasshen ganye ba. Ya fi yawa a ƙananan ganyaye da ke saman reshe, kuma zafin rana yana ƙara shi: lalle ya fi yin kamu inda zafi ke kaiwa digiri 35 zuwa 45 a ma'aunin salshiyas. Sanyin da ya yi ƙasa da digiri 11 yana tsayar da girmansa, wanda ya yi ƙasa da 5 kuwa yana iya kashe shi. Wannan ne ya sa wuraren da suka yi suna da lalle duk ƙasashen zafi da fari ne: garin Sojat a jihar Rajastan ta Indiya, Sudan, kudancin Misira, kudancin Maroko, Yaman, da ƙasar Hausa.

Wurin da za a sa shi

Rana yake so daga safe har yamma. Lallen da ke ƙarƙashin mangwaro ko darbejiya yakan yi dogayen rassa sirara, ganyen ya yi faɗi, kamun ya yi rauni. Ƙasa kuwa ba ya zaɓe: jigawa, jar ƙasa, mai tsakuwa, har mai ɗan kanwa-kanwa yana jurewa. Abin da ba ya jurewa shi ne ruwa ya kwanta masa a gindi. Gwada wurin tukuna: haƙa rami mai zurfin santimita 40, cika shi da ruwa da yamma. In da safe ka tarar da ruwa a ciki, ko ka canza wuri ko ka ta da kunya mai tudu ka dasa a kanta. A fadama, nemi gefen da ambaliya ba ta kaiwa.

Reno daga iri

Nan ne mutane da yawa suke sarewa, domin irin lalle yana da ɓawo mai tauri. Watsa shi a busasshe cikin ƙasa, sai ka yi wata kana leƙe ba ka ga komai ba, ko ya fito jefi-jefi.

Tsinki 'ya'yan da suka koma ruwan ƙasa a kan uwa, ba waɗanda suka faɗo ba. Shanya su kwana biyu ko uku, murtsuke da hannu, sheƙe ƙaiƙayin. Hekta guda tana cin kilo 3 zuwa 5 na iri. Mai ɗan fili na mita 10 faɗi da tsawo ba ya buƙatar fiye da giram 30 zuwa 50, wato cokali kaɗan.

Zuba irin a kwano, jiƙa shi da ruwa kwana 3 zuwa 7, kana zubar da ruwan kana sake sabo kowace safiya. Canjin ruwan ba ado ba ne: ruwan da ya kwana yakan yi tsami ya ruɓar da iri, za ka ji shi da wari. Bayan haka tsame shi, ƙulle a cikin tsumma mai laima ko ka tara shi ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhun algarara, a inuwa, wurin da ruwa ba zai taru a ƙasa ba. Yayyafa ruwa safe da yamma. Cikin 'yan kwanaki za ka ga irin ya kumbura, wasu ma sun tsage sun nuna ɗan farin baki. Lokacin shuka ke nan, kada a jira tsiron ya yi tsawo, don yakan karye wajen watsawa.

Fangalin reno ya zama mai faɗin mita guda, yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe ba sai an taka ba. Farfasa ƙasar ta yi laushi, gauraya ta da ruɓaɓɓen taki kwano biyu ko uku a kowace mita, sannan ka shayar da ita tun kafin shuka. Cakuɗa irin da yashi mai laushi, kashi ɗaya na iri, huɗu ko biyar na yashi, don ya bazu daidai. Watsa, sannan ka barbaɗa ƙasa sama-sama, wadda kaurinta bai kai rabin santimita ba. Irin ƙanana ne. In ka binne shi kamar gyaɗa, ba shi da ƙarfin hudo ƙasa. Rufe da busasshiyar ciyawa kaɗan, ka riƙa ban ruwa da buta mai rariya a baki. Wanda ya kwara ruwa da bokiti zai tarar duk irin ya taru a kusurwa ɗaya.

Makonni biyun farko kada saman ƙasar ya bushe ko na wuni ɗaya. Tsiro yakan bayyana cikin mako ɗaya zuwa uku. Da ya fito, ɗage ciyawar, in ba haka ba zai yi fari ya miƙe siriri ya faɗi. In rana ta yi tsanani, kafa masa 'yar rumfar kara mai tsawon gwiwa, ka riƙa rage karan a hankali har ya saba. Daga nan rage ruwa zuwa kwana bibbiyu. Inda ya cushe, cire wasu ka bar tazarar yatsu uku. In ka ga tsirrai suna kwantawa, gindinsu ya yi baƙi ya tsuke kamar zare, ruwa ne ya yi yawa kuma iska ba ta shiga: dakatar da ban ruwa, cire waɗanda suka kamu, buɗe rumfar.

Lissafin lokaci a ƙasar Hausa mai sauƙi ne. Tsiro yana buƙatar wata uku zuwa huɗu a fangali, dashe kuma ya fi kyau in damina ta kankama a watan Yuli. Ke nan a jiƙa iri a watan Maris ko farkon Afrilu.

Reno daga reshe

Ga mai son guda ashirin ko hamsin na shinge ko tsakar gida, wannan ya fi sauƙi, kuma yana da wata fa'ida: abin da ka yanko shi za ka samu. In akwai wata bishiyar da matan unguwa suka shaida ganyenta yana kamawa, reshenta za ka nema.

Zaɓi reshen da ya fara ƙwari, wanda ya bar kore ya soma komawa toka-toka, mai kaurin fensir. Yanka shi guntu-guntu, kowanne santimita 20 zuwa 25, da ido, wato inda toho ke fitowa, shida zuwa takwas. Yanka ƙasan a karkace, saman a miƙe, don kada ka rikice ka dasa shi kai ƙasa, wanda kuskure ne da ake yi fiye da yadda ake zato. Zage ganyen duka sai biyu ko uku na sama. Yi rami da tsinke sannan ka sa reshen, kada ka soka shi da ƙarfi ɓawon ya sale. Kashi biyu cikin uku ya shige ƙasa, ka danne gefensa. Leda mai yashi da ɗan taki ta fi, a ajiye a inuwa mai haske, ƙasar ta kasance da laima ba caɓi ba. A yanka da safe a dasa a ranar.

Toho yakan fito kafin saiwa, kuma nan ake ruɗuwa. Ganin sabon ganye a mako na biyu ba ya nuna ya kama; abincin da ke cikin reshen yake ci. Bari sai ya yi mako shida zuwa takwas, ko ka ga farar saiwa ta leƙo ta hujin ledar. Babban abokin gabarsa a wannan lokaci gara ce, don haka kada a sa takin da bai ruɓe ba ko guntayen kara kusa da shi. A yi fiye da abin da ake buƙata, ba duka ke kamawa ba.

Dashe da tazara

Idan tsiron fangali ya kai kimanin santimita 40, shayar da fangalin sosai da daddare, washegari da yamma ko ranar da gari ya lumshe ka cire. Datse samansa ka bar santimita 15 kawai. Mutane suna jin nauyin wannan, suna ganin asara ce a yanke abin da aka sha wuyar renonsa, amma saiwar da aka tumɓuko ba ta iya shayar da ganye mai yawa, kuma yankan ne ke sa shi ya yi rassa daga ƙasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tazara ruwa ne ke yanke ta. Gonakin lalle suna ɗaukar daga tsiro 20,000 har 200,000 a hekta. Mai dogaro da ruwan sama kaɗai ya bar mita guda tsakanin layi, rabin mita tsakanin tsiro, wato 20,000. Mai rijiya ko injin ban ruwa zai iya matsewa zuwa santimita 60 da 45, kusan 37,000 ke nan, ko 45 da 30, kusan 74,000. A ɗan filin nan na mita 10 da 10, tazarar 60 da 45 tana cin tsiro kusan 370. Shinge kuwa layi biyu ake yi, santimita 30 zuwa 40 tsakanin tsiro, na layi na biyu yana fuskantar giɓin na farko. Na fure a tsakar gida a ba shi mita biyu ta kowane gefe, a nisanta shi da hanyar yara saboda tsinin nan.

Zurfin dashe daidai inda ƙasa ta tsaya masa a fangali. Danne da ƙafa, ba shi ruwa nan take. Bayan mako biyu zagaya ka cike gurbin waɗanda suka mutu. Kuma a killace: shingen lalle yana tare awaki in ya girma, amma yana ƙarami su ne ke cinye shi.

Ruwa, taki da ciyawa

Watan farko, in sama ta ɗauke, ban ruwa duk kwana biyu ko uku. Bayan ya kafu, sau ɗaya a mako zuwa kwana goma da rani ya isa, a shayar da shi ya ƙoshi sannan a bar ƙasa ta sha iska. Yayyafi kullum yana tara saiwa a sama, ranar da aka yi fashi sai ya yi yaushi. Da hunturu girma yana tsayawa, a rage ruwan.

Shekarar farko ciyawa ce matsala, domin lalle yana tashi a hankali. A yi noma sau biyu ko uku a damina, sama-sama. Daga shekara ta biyu inuwarsa tana taimakawa.

Tun da ganye ake kwashewa kullum, ƙasar tana gajiya, dole a mayar mata. Bayan kowane yanka, zuba ruɓaɓɓen takin dabbobi cikin tafi biyu a kowane gindi, ka rufe da ƙasa. In za a ƙara takin zamani irin 15-15-15, cikin murfin kwalbar lemo ɗaya ya isa ƙaramin gindi, a binne shi nesa da jikin itacen da faɗin tafin hannu, kuma sai ƙasa tana da laima. Yuriya a yi hattara da ita. Tana kawo ganye manya masu sheƙi da ke burge ido, amma ruwa ne ya cika su, in an shanya ba nauyi, ƙwari kuma suna son su.

Yanka

A shekarar farko kada a yi zari. Yanka ɗaya mara tsanani a ƙarshen damina ya wadatar, don saiwa ta samu ta nutse. Girbi na gaske daga shekara ta biyu yake farawa, kuma gonar da aka kula da ita tana bayarwa shekara 12 zuwa 25 ba tare da sabon dashe ba.

Mai ruwan sama yanka ɗaya babba yake samu, a watan Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Alamar lokaci: ganye ya cika ya yi kore mai duhu, fure ya soma fitowa a kan rassa, na can ƙasa ya fara nuna alamar rawaya. In aka yi jinkiri har iskar hunturu ta busa, rabin amfanin zai zube ƙasa ya gauraye da yashi, abin da ya rage kuma ya tafi wajen 'ya'ya. In aka yi gaggawa aka yanka tsakiyar Agusta, ganyen ruwa ne, ga shi ba rana ba iskar shanya. Mai ban ruwa yana ƙara yanka a watan Afrilu ko Mayu, wasu har sau uku ko huɗu a shekara. Ganyen bazara bai kai na kaka yawa ba, amma ya fi shi kamu. A ɗauke ruwa kimanin kwana goma kafin ranar yanka.

Lauje mai kaifi ko almakashin lambu ake so. Yanka santimita 10 zuwa 15 daga ƙasa, sara ɗaya a karkace. Adda mai dakushi tana tsaga kututturen, tsagar kuma ƙofa ce ga gara da ruɓa. Sa safar hannu mai kauri. Fara bayan raɓa ta bushe, kuma kada a tara rassan a tsibi su wuni, domin cikin tsibin yakan ɗau zafi ganyen ya yi baƙi kafin a kai shi wurin shanya.

Gonar ban ruwa mai kyau tana ba da kilo 2,500 zuwa 3,000 na busasshen ganye a hekta a shekara. Ta ruwan sama, kilo 700 zuwa 1,500.

Shinge ba a sare shi haka. A datse samansa da gefensa sau biyu ko uku a shekara, a bar ƙasan ya fi saman faɗi don rana ta kai ga rassan ƙasa, in ba haka ba gindin zai yi giɓi, kaji da 'yan awaki su riƙa ratsawa. Abin da aka datse ma ganyen ƙunshi ne. Na fure kuwa a kan sabon toho yake yin fure, saboda haka a gyara shi sau ɗaya bayan furen ya wuce, a cire busassun rassa da waɗanda suka gitta juna, sannan a ƙyale shi. Ko a tukunya yana yi: jarka mai lita 20 da aka yanke aka huda ƙasanta, yashi kashi biyu, ƙasa ɗaya, taki ɗaya.

Shanya, daka da ajiya

Ganye mai kyau yakan lalace a nan cikin kwana biyu. A inuwa ake shanya lalle, wurin da iska ke ratsawa, kamar rumfa ko zaure. Rana kai tsaye tana ƙone korensa ya koma ruwan ƙasa, mai saye kuma da ido yake fara ciniki. Shimfiɗa tabarma ko tamfol mai tsabta, kada a zuba a ƙasa tsirara, don yashin da ya shiga ba ya fita, kuma shi ne ke toshe bakin leda wajen zane. Baza rassan ba tare da sun hau juna sosai ba, juya su kullum. Da rani kwana uku zuwa biyar sun isa. Ya bushe in ka damƙa ya yi ƙaras ya farfashe. Sai a bubbuga rassan da sanda, ganyen ya zube, a tsince tsinke da 'ya'ya. Karan kuwa makamashi ne.

In ba yanzu za a yi amfani da shi ba, a ajiye shi ganye, ya fi gari daɗewa. Buhu a kan katako, nesa da bango. Ranar daka, turmi ya bushe sarai, kuma ba wanda aka daka barkono a ciki ba. In injin niƙa za a kai, a fara wuce da ɗan kaɗan a zubar. A tankaɗe da rariya mai laushi; na zanen fulawa a sake tacewa da ƙyallen chiffon ko wani yadi mai ƙananan ido. Garin a ƙulle shi a leda biyu ko gwangwani mai murfi, a wuri mai duhu da sanyi. Iska, haske da laima ne ke kashe shi.

In wani abu ya faru

Lalle ba shi da yawan cuta. Ganye yana rawaya yana zuba alhali ƙasa a jiƙe take: saiwa ce ke ruɓewa, a buɗe wa ruwa hanya. Ɗige-ɗige masu duhu a ganye da damina: cunkoso ne da laima, a rage rassa, a daina zuba ruwa ta sama. Ƙananan ƙwari masu tsotsa a kan toho, ganye yana nannaɗewa yana danƙo: a daka 'ya'yan darbejiya cikin tafi biyu, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma. Tsutsa mai cin ganye a tsince da hannu in ba ta yi yawa ba. Maganin feshi mai ƙarfi bai dace da ganyen da zai kwana a fatar mutum ba.

Kwaɓi da ƙunshi

Uwargida, a giram 100 na gari ki zuba ruwa mai ɗumi kaɗan-kaɗan, da ruwan lemon tsami biyu ko uku da aka tace, kina juyawa har ya yi kaurin kindirmo. Ruwan zafi mai tafasa yana dafa sinadarin, kamun ya fito fari-fari. Sukari cokali biyu yana sa ya manne kada ya ɓantale da wuri, ɗan mahallabiya kuma yana ƙara masa duhu da ƙamshi. Rufe da leda ki bar shi ya tsumu: da bazara awa uku zuwa shida, da hunturu ya kwana. Ki ɗiga a tafin hannu, ki goge bayan minti biyar. In ya bar launin lemo, ya yi.

Wanke fata ki bar ta ba mai. Lallen ya zauna aƙalla awa huɗu, in da hali ya kwana, a ɗaure da leda da tsumma. Ɗumin da zunguru yake riƙe wa hannun amaren da, shi leda take yi yau. Ki kankare shi, ki shafa mai, ki guji sabulu na wuni guda. Launin yana fitowa da haske, sai ya yi ta duhu har kwana biyu. Tafin hannu da na ƙafa sun fi kamawa saboda fatarsu ta fi kauri. A sauran jiki yana ɓacewa cikin mako ɗaya zuwa uku, a farce kuwa sai farcen ya tsiro ya fita. Haka ake rina furfura da gemu da shi, al'adar da ta zo tun zamanin Sahabbai. Ana shafa shi a ƙafa don sanyaya ta da rage kaushi, a Indiya kuma ana tatsar turare daga furensa.

Abu uku ne ba a wasa da su. Lalle na gaskiya ja ne zuwa ruwan goro, ba ya yin baƙi wuluk cikin rabin awa. Wanda ke yin haka an haɗa shi da dayis mai sinadarin PPD, wanda kan sa fata ta yi ƙuraje da bororo daidai inda zanen ya bi, wani lokaci sai bayan kwanaki, kuma wanda jikinsa ya taɓa ƙin sa, zai iya ƙin rinin gashi har iya rayuwarsa. Na biyu, kada a shafa wa jariri lalle, ko yaron da aka san yana da ƙarancin sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, wanda ya yawaita a yankinmu musamman ga maza: lawson yana farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini. In ido ya yi rawaya ko fitsari ya yi duhu bayan an sa lalle, asibiti nan take. Na uku, mai ciki kada ta sha jiƙon ganyensa ko saiwarsa.

Wanda zai sayi gari a kasuwa kafin nasa ya isa yanka, ya duba launi: kore mai ɗan duhu kamar busasshiyar kuka, da ƙamshin ɗanyar ciyawa. Kore mai ƙyalli fiye da kima rini aka sa masa, ruwan ƙasa kuma ya tsufa ko rana ta ƙone shi. Zuba cokali ɗaya a kofin gilashi mai ruwa, juya, jira minti biyu, sannan ka taɓa ƙasan kofin da yatsa. In da yashi za ka ji shi.